Helenawa Ba Su Yar da Harshensu Ba. Mu Fa?

A Kirsimetin bara waccan, wata tsohuwa a ƙauyenmu, nan tsakanin Gaya da Ajingi, ta yi baƙi daga Ikko. Ɗanta ne ya zo gida da matarsa da yara uku, bayan shekara shida ba su taka ƙasar Kano ba. Tun da asuba ta sa aka yanka zakara, ta dama fura da hannunta. Da mota ta tsaya a ƙofar gida sai ta fito da sauri, ta kama hannun babban jikan, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, ta ce, "Maigidana, sai yau? Ina cefanena?" Yaron ya dube ta, ya dubi ubansa, ya yi murmushi irin na wanda bai ji ba. Uban ya juya masa maganar da Turanci, shi ma ya amsa da Turanci. Tsohuwa ta saki hannunsa a hankali, ta koma madafa.

Da yamma na je gaishe ta. Ta ce mini, "Malam, jikan nan nawa ne, amma sai da tafinta." Ban sami abin da zan ce mata ba.

Na san ba ita kaɗai ba ce. Neman abinci ya kai iyalanmu da yawa Ikko, da Fatakwal, da Abuja, waɗansu har Ingila da Amurka. Ba laifi ba ne, gama tafiya mabuɗin ilimi ce. Kuma ba mai tsoron Hausa za ta ɓace daga duniya, tun da miliyoyin mutane suna cin kasuwa da ita daga Kano har Kumasi. Amma ina amfanin wannan ga tsohuwar da ba ta iya yi wa jikanta tatsuniya? Gida ɗaya ɗaya harshe yake mutuwa, ba a kuwa jin kukan mutuwarsa.

Wannan ya sa na shiga binciken yadda waɗansu al'ummai suke riƙe harshensu a baƙuwar ƙasa. Waɗanda suka fi ba ni sha'awa su ne Helenawa. Abu uku suke aiki da su: makaranta, da gasar yara, da wasan kwaikwayo.

Su wane ne Helenawa?

Mai karanta Littafi Mai Tsarki ya saba da sunansu. A rediyo ana ce da ƙasarsu Girka, harshensu kuwa Girkanci. Malaman Arabiyya suna ce mata Yunan. Duk abu ɗaya ne. Garuruwan da muke ji a cikin wasiƙun Bulus, wato Koranti, da Filibi, da Tasalonika, a can suke, haka kuma Atina, babban birnin ƙasar. Mutanen ƙasar wajen miliyan 10 ne, bisa ƙiyasi ba su kai mutanen Jihar Kano na yau yawa ba.

Amma harshensu tsoho ne ƙwarai. An tono allunan yumɓu masu rubutun Helenanci waɗanda suka kai shekara 3,400, ba wanda ya iya karanta su sai a 1952. Haruffan da suke amfani da su yanzu 24 ne. Na farko alfa, na biyu beta, na ƙarshe omega. Ku lura da alfa da beta, sa'an nan ku tuna da alif da ba. Dangi ne, gama daga rubutun mutanen Finikiya da 'yan'uwansa dukansu suka fito. Romawa kuma daga haruffan Helenawa nasu suka samo asali, da na Romawan ne muke rubuta boko. Ashe yaro mai allo da yaro mai littafin boko rassan itace ɗaya suke riƙe da su.

Akwai ma kalmomin Helenanci a bakinmu da ba mu sani ba. Alƙalami, da falsafa, da dirhami, da Linjila, ta hanyar Larabci suka iso mu, amma tushensu Helenanci ne. Ikkilisiya, da baftisma, da Fentikos, da Kirista kuwa ta hanyar Littafi suka shigo. Littattafai 27 na Sabon Alkawari da Helenanci aka rubuta su. Tsohon Alkawari ma, fassararsa ta farko daga Ibrananci zuwa Helenanci aka yi ta, a birnin Iskandariya na Masar, nan ƙasar Afirka, tun wajen shekara 250 kafin haihuwar Almasihu. Mu kuwa sai a 1932 muka sami Littafin duka da Hausa.

Sun zo har ƙofar gidanmu

Kada mai karatu ya ce wannan labarin nesa ne. Kamfanin PZ da muke sayen sabulunsa, harafin Z ɗin nan sunan wani Bahelene ne, George Zochonis, wanda ya fara ciniki a Saliyo tare da abokinsa George Paterson a 1879. Kamfanin ya shigo Nijeriya a 1899. Dattawa kuma suna tunawa da kantin Leventis a Kano. Mai kantin, Anastasios Leventis, Bahelene ne daga tsibirin Kubrus, ƙasar Barnaba abokin tafiyar Bulus. Ya kafa kamfaninsa a Gana a shekarun 1930, daga baya ya faɗaɗa zuwa Nijeriya. Ya rasu a 1978, a shekara ta gaba aka kafa gidauniya da sunansa.

Ga abin da nake so ku gani. Iyalin nan sun kafa makarantun koyon noma a Nijeriya, ɗaya daga ciki tana Panda, a Ƙaramar Hukumar Albasu, maƙwabtanmu mutanen Gaya, inda samari da 'yan mata suke samun horon shekara guda. Amma ba su manta da gida ba. Gidauniyar tana kashe kuɗi mai yawa a kan koyar da harshe da tarihin Helenawa a ƙasashen waje. A 2008 ta kafa kujerar shehun malami na al'adun Helenawa a Jami'ar Kambirij ta Ingila. Sun ci arziki a baƙuwar ƙasa, sun yi wa baƙuwar ƙasa alheri, sa'an nan suka keɓe rabon harshen uwarsu.

Yaron da ya kusa mantawa

Kowace shekara, ran 9 ga Fabrairu, Helenawa a duk duniya suna bikin ranar harshensu. Gwamnatinsu ta tsai da ranar a 2017, a 2025 kuma hukumar UNESCO ta karɓe ta a matsayin ranar duniya. Me ya sa wannan rana? Domin a ranar ce, a 1857, mawaƙinsu Dionysios Solomos ya rasu.

Labarinsa ya ƙarfafa mini zuciya. Yana ɗan shekara goma aka kai shi karatu Italiya, ya yi shekara goma a can. Da ya komo gida a 1818 Italiyanci ya fi zauna masa a baki, da shi ma ya fara rubuta waƙoƙinsa. Sai da ya yi da gaske, yana kasa kunne ga maganar talakawa da waƙoƙinsu, kafin ya iya rubutu da harshen uwarsa. A lokacin ƙasarsa tana yaƙin neman 'yanci daga Turkawa, yaƙin da aka fara a 1821. A 1823 ya rubuta doguwar waƙa mai baiti 158 a kan 'yanci. Baiti biyu na farkonta su ne taken ƙasar Girka har yau. Yaron da ya komo gida da bakin baƙi, shi ne ya ba al'ummarsa waƙar da take miƙewa tsaye dominta. Saboda haka kada wani uba ya ce lokaci ya ƙure wa ɗansa.

Makarantar Asabar da gasa

Duk inda Helenawa suka taru a ƙasar waje, abu biyu sukan fara ginawa: majami'a da ajin harshe. A birnin Malbon na Ostireliya, inda suke da yawa ƙwarai, da biranen Amurka, da Jamus, da Ingila, yara sukan je makarantar gwamnati kamar kowa, sa'an nan da yamma ko ran Asabar su je ajin Helenanci. Akwai cibiyar harshe a Tasalonika wadda take shirya jarrabawa kowace shekara, ana zana ta a ƙasashe da yawa, wanda ya ci a ba shi takardar shaida.

Ba karatun aji kaɗai suke yi ba, gama sun san yaro ba ya son abin da ba shi da armashi. Ran 25 ga Maris, ranar tunawa da yaƙin 'yanci, da ran 28 ga Oktoba, ranar da ƙasarsu ta ƙi miƙa wuya ga Italiya a 1940, yara sukan sa kayan gargajiya, su hau dandali su yi waƙoƙi da ka, su yi rawa da gajerun wasanni, iyaye da kakanni suna kallo. Ran 30 ga Janairu kuma suna tunawa da manyan malaman ikkilisiya uku, Basil, da Girigori, da Yahaya Kirisostom, wato mai bakin zinariya, suna kiranta ranar ilimin Helenanci. A Amurka ikkilisiyar Helenawa tana da gasar jawabi ta matasa mai sunan Kirisostom tun 1983. Ana farawa daga majami'ar unguwa, wanda ya ci ya haura gunduma, har a kai ga ƙasa duka. Da Turanci ake yawancin jawaban, abin da ya nuna su ma suna fama da irin matsalarmu. Amma ba su zauna suna kuka ba.

A Afirka ma akwai misali. A 1941 wani yaro ɗan shekara 13, George Bizos, ya gudu daga Girka tare da ubansa saboda yaƙin Hitila, suka ƙare a Afirka ta Kudu. Ya girma ya zama lauya, yana cikin waɗanda suka tsaya wa Nelson Mandela a shari'ar 1963 zuwa 1964. Shi da abokansa suka kafa makarantar SAHETI a gefen Johanasbag a 1974, inda ake koyar da Helenanci ga 'ya'yan Helenawa da waɗanda ba Helenawa ba.

Wasan kwaikwayo da gasa aka haife shi

Ba abin mamaki ba ne da suka haɗa gasa da wasa, gama haka kakanninsu suka yi. A Atina ta dā, kowace shekara wajen ƙarshen Maris, akan yi babban biki na gunkinsu Diyonisus. Tun wajen shekara ta 534 kafin haihuwar Almasihu aka fara gasar wasa a bikin. Akan zaɓi marubuta uku, kowanne ya kawo wasanni uku na baƙin ciki da ɗaya na raha. Hukuma takan ɗora wa wani attajiri nauyin horar da mawaƙa da saya musu tufafi, shi kuwa yakan ɗauki wannan abin girmamawa ne. Alƙalan gasa goma ne, ta ƙuri'a ake fid da su, don kada a saye su. Ladan wanda ya ci shi ne rawanin ganye da suna mai kyau.

Maza ne kaɗai suke wasan. Manyan 'yan wasa ba su wuce uku ba, suna sauya fuskokin da aka ƙera don mutum ɗaya ya zama sarki yanzu, an jima ya zama tsohuwa. Akwai kuma ƙungiyar mawaƙa 12, daga baya 15, masu yin sharhi kamar dattawan gari. Ba a nuna kisa a gaban jama'a, sai wani manzo ya shigo ya ba da labari. Sunan ɗan wasa a harshensu shi ne hupokrites, kalmar nan kuwa ita ce take cikin Linjila inda muke karanta munafuki, wato mai fuska biyu.

Manyan marubutan su ne Iskilus, da Safokilis, da Yurifidis, da Aristofanis mai ban dariya. Safokilis ya rubuta wasanni fiye da 120, bakwai kaɗai suka tsira cikakku. Gidajen wasan a fili suke, an sassaƙa mazaunai a jikin tudu. Na Efidauros yana ɗaukar mutum wajen 14,000, wanda yake can ƙarshen sama yana jin maganar da ake yi a ƙasa ba tare da lasifika ba, har yanzu kuma ana wasa a cikinsa. Na Afisa, inda maƙeran azurfa suka ta da hargitsi a kan Bulus a Ayyukan Manzanni sura 19, yana nan tsaye a ƙasar Turkiyya.

Yau 'yan makaranta ne suka fi raya waɗannan wasanni a ƙasashen waje. A Jami'ar Kambirij ɗalibai suna yin wasa da tsohon Helenanci tun 1882, yanzu sau ɗaya a shekara uku. A Kwalejin Sarki ta Landan kowace shekara suke yi tun 1953. A Sirakus ta tsibirin Sisili, inda jirgin Bulus ya kwana uku a hanyarsa ta zuwa Roma, an farfaɗo da wasa a tsohon dandalin tun 1914. Kusa da nan, a garin Palazzolo Acreide, 'yan sakandare daga ƙasashe dabam dabam sukan taru kowace shekara su nuna nasu.

A Nijeriya, Jami'ar Ibadan tana da sashen koyar da Helenanci da Latin tun kafuwarta a 1948. Ola Rotimi ya ɗauki labarin Sarki Idifus na Safokilis ya mai da shi ƙasar Yarabawa a 1968. Wole Soyinka ya sake rubuta wani wasan Yurifidis a 1973. Femi Osofisan kuma ya yi haka da labarin Antigoni a 1994.

Labarin Antigoni

Wannan shi ne wasan da ya fi shiga raina. Safokilis ya rubuta shi wajen shekara ta 441 kafin haihuwar Almasihu. Waɗansu 'ya'yan sarki biyu suka yi yaƙi a kan gadon sarauta, suka kashe juna. Kawunsu Kiriyon ya hau gado, ya sa aka binne ɗaya da girma, ya kafa doka cewa ɗayan, wanda ya kawo wa garin yaƙi, a bar gawarsa ga karnuka da ungulu, wanda ya binne shi kuwa bakin ransa. 'Yar'uwarsu Antigoni ta fita ta zuba wa gawar ƙasa, gama a ganinta akwai dokar da ta girmi ta sarki. Aka kama ta, ba ta yi musu ba. Ɗan sarki, wanda yake tashinta, ya roƙi ubansa, ya ƙi. Wani makaho mai duba ya gargaɗe shi, ya zage shi. Sa'ad da ya sauko daga fushi ya tafi ya sake ta, ya tarar ta mutu. A rana ɗaya ya rasa ɗansa da matarsa kuma.

Fursunonin tsibirin Robben sun yi wasan nan a kurkuku, Mandela ne ya fito a matsayin Kiriyon, kamar yadda ya faɗa a tarihin rayuwarsa. Na ce a raina, in fursunoni sun iya, me zai hana 'yan aji biyar da shida na makarantarmu? Na zauna na ba da labarin da Hausa a cikin takarda goma sha biyu. Na bar sunayen Helenawa, na ce Sarki, da Gimbiya, da Yarima, da Mai Gadi, da Makaho. Muka shirya za mu yi shi kashegarin Kirsimetin bara, lokacin da mutanen birni suke gida.

Abin da dattijo ya ce

Muna cikin gwaji sai wani dattijon ikkilisiyarmu ya aiko a kira ni. A gidan tsafi aka haife shi, ya yi bori da ƙuruciyarsa kafin ya tuba. Na tarar da shi a gindin tsamiya yana tufkar igiya. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, na ji za ku sa wa yara fuskokin ƙwarya." Na ce, "Haka ne, Baba." Ya ce, "Mu da muka ƙone kayan kakanninmu da hannunmu, yanzu kai za ka ɗauko mana na kakannin Turawa? Dodo dai dodo ne, ko daga ina ya fito."

Ban raina maganarsa ba, kada ma kowa ya raina. Wajen shekara ta 200, Tartuliyan, malamin ikkilisiya a Kartaj, ƙasar Tunisiya ta yanzu, ya rubuta littafi yana hana masu bi zuwa gidajen wasa. Kirisostom kansa ya yi wa'azi mai zafi a kan wasannin zamaninsa saboda batsar da take ciki. Na faɗa wa Baba wannan. Na kuma faɗa masa cewa Bulus, da ya tsaya a Atina, ya kafa hujja da maganar mawaƙan Helenawa, gargaɗinsa kuma a kan mugayen abokai a 1 Korantiyawa 15, masana sun ce yana cikin wasan wani marubuci mai suna Minanda. Basil kuwa ya shawarci samari su yi da littattafan Helenawa yadda ƙudan zuma yake yi da furanni, ya ɗebi abin da zai amfane shi, ya bar sauran.

Baba ya yi shiru yana tufka. Can ya ce, "To, ƙudan zuma bai taɓa kawo furen gida ba." Muka daidaita a kan sharaɗi uku: ba fuskar ƙwarya, ba kiran sunan gunki, sa'an nan fasto zai yi magana a ƙarshe. Ƙwaryoyin da muka riga muka fafe aka mayar wa mata. Yanzu na ga ya fi ni gaskiya a nan, gama iyaye fuskokin 'ya'yansu suka zo gani.

Ranar wasa

Tun watan Oktoba na nemi iznin uban yaron nan na Ikko a ba ɗansa matsayin Mai Gadi. Layi goma sha huɗu ne. Tsohuwar ba ta karatu, saboda haka ina faɗa mata layin, tana maimaitawa a cikin waya, muna aika masa da muryarta. Da muryar kakarsa ya haddace.

Ran nan muka share filin makaranta, muka jera bencina a ƙarƙashin darbejiya. Kafin wasa aka yi gasa tsakanin yaranmu da na ƙauyuka biyu na kusa: karatun Hausa da ƙarfi, da cika karin magana, da kacici-kacici, da tatsuniyar da yaro ya karɓo daga bakin kakarsa, da jera haruffan Helenanci daga alfa zuwa omega. Alƙalai biyar muka fid da ta ƙuri'a daga cikin hula. Lada littafin rubutu ne, da sabulu, da fitila mai caji. Maƙwabtanmu Musulmi da yawa sun zo kallo, har ɗaya daga cikinsu ƙuri'ar alƙalanci ta faɗa masa.

Da Mai Gadi ya shigo ya faɗi gaban Sarki, ya kamata ya ce duk gari ya ji labari. Sai ya ja wasalin, garin zama ya koma garin tuwo. Fili ya ɗauki dariya. Yaron ya tsaya kamar zai yi kuka. Sai muryar tsohuwa ta fito daga cikin mata, "Ci gaba, maigida, mun gane!" Ya ci gaba har ƙarshe.

Bayan wasa gardama ta tashi, har rana ta faɗi ba a watse ba. Waɗansu maza suka ce yarinyar ta yi wa sarki rashin kunya. Mata suka ce wa zai bar gawar ɗan'uwansa a waje? Fasto ya buɗe Romawa 13 da Ayyukan Manzanni 5, ya nuna inda biyayya ga hukuma ta wajaba da inda iyakarta take. Ya kuma gargaɗi matasa cewa kashe kai ba maganin baƙin ciki ba ne, mai damuwa ya nemi wanda zai faɗa wa. Baba yana bencin gaba. Da aka tambaye shi, abin da ya ce ke nan: "Sarkin nan bai rasa masu faɗa masa gaskiya ba. Kunne ya rasa."

Ba zan ce muku yaron ya iya Hausa yanzu ba. Bai iya ba tukuna. Amma yana kiran kakarsa a waya ran Lahadi da yamma, yana gaishe ta ba tafinta. In ta ce ina cefane, yakan ce, "Sai an yi albashi, amarya."

Abin da za mu iya yi

Mu ma muna da gado. Muna da tashe, da wasan gauta, da kalankuwa. Gasar rubutu da aka shirya a Zariya a 1933 ita ce ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Gasa guda ɗaya ke nan, ga shi muna cin moriyarta fiye da shekara 90. Ga shawarata:

1. Iyaye na birni, ku yi addu'ar iyali da hirar cin abinci da harshenku. Turanci ba zai gudu ba, yana jiran yaro a makaranta.

2. Ikkilisiyoyin birni, ku keɓe awa ɗaya ran Asabar domin karatu da rubutun harshen gida. Malami ɗaya da allo ɗaya sun isa a fara.

3. Ku tsai da rana a shekara. Akwai 26 ga Agusta, Ranar Hausa ta Duniya, wadda aka fara a 2015. Akwai kuma 21 ga Fabrairu, ranar harshen uwa.

4. Malamai, ku rubuta wasanni. Ga labarin Yusufu da 'yan'uwansa. Ga labarin da ake bayarwa na maƙerin nan mai suna Kano, wanda ya tashi daga Gaya ya tafi Dala neman tama. 'Ya'yan Gaya nawa ne suka san shi?

5. Masu hali, ku ɗauki nauyin lada da tufafin wasa, yadda attajiran Atina suka yi.

6. Ku ƙarfafa samarin da suke makarantun tauhidi na Bukuru da Jos su dage da Helenanci, domin mu sami masu fassara daga cikinmu waɗanda suka san harsunan biyu sosai.

Akwai kuma 'yan'uwa masu karanta wannan mujalla waɗanda Hausa ba ita ce harshen kakanninsu ba. A gidajensu da yawa Hausa ce take yi wa Tangale, ko Bura, ko Angas, abin da Turanci yake yi wa Hausa a Ikko. Shawarar nan taku ce ku ma, da harshenku.

Kirsimeti yana tafe. Tun yanzu ku zaɓi tatsuniya ɗaya, ko zabura ɗaya, ko gaisuwa biyar, ku koya wa yaro kafin ku kama hanyar gida. Akwai tsohuwar da za ta fito ƙofar gida da sauri in ta ji tsayuwar mota. Allah ya sa ta sami amsa.